Kazar Mai Ɗori

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a shekarar da aka buɗe masaƙa a Kakuri. Juliana tana tsugune a bakin famfon layinsu tana wanki, da 'yarta Mary a goye, sai ta hango Ngozika ta taho a guje, kai ba ɗankwali, ta tattare zani da hannu ɗaya. Ngozika matar Ambrose ce, ɗan kasuwar da mijin Juliana yake tuƙa wa mota. Mace ce mai jiki, ko ruwan sama ake tsugawa ba ta ɗaga ƙafa. Ganinta tana gudu kaɗai ya sa sabulu ya suɓuce wa Juliana.

"Maman Mary! Bar wankin nan. Mota ta faɗi."

"Wace motar?"

"Tamu, a Kujama. Bai mutu ba, na rantse miki, yana magana. Taho!"

Nan ta bar kayan cikin kumfa. Har yau ba ta san wanda ya kwashe mata su ba.

Shekari, mijin nata, mutumin Zonkwa ne. A soja ya koyo tuƙi da gyaran mota, lokacin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Da ya dawo sai ya kama akori-kurar Ambrose, yana ɗauko citta daga Kachia yana kawowa tashar jirgi. Shi ne direba, shi ne makanike. Ran Lahadi in an taso daga coci, kafin ya ci tuwo sai ya tuɓe farar rigarsa ya shiga ƙarƙashin motar.

A filin gidan Ambrose ta same shi, an shimfiɗe shi a kan buhunan citta, mutane sun yi masa zobe. Wata motar itace ce ta kawo shi. Ba jini a jikinsa sai ɗan ƙuje a goshi, har ta fara cewa an gode Allah. Sannan idonta ya sauka kan ƙafarsa ta hagu. Ta gajarce. Gwiwar ta karkato ciki ta hau kan 'yar'uwarta, tafin ƙafar yana kallon inda bai taɓa kallo ba. Zufa na tsattsafo masa kamar an watsa masa ruwa.

"Juli," ya ce, "kada ki yi kuka a gaban mutane. Sitiyari ne ya ƙwace, muka gangara rami, gwiwata ta daki ƙarfen gaba. Shi ke nan."

Ambrose yana ta kai da kawo, hularsa a hannu. "Madam, na samo wata mota. Mu ƙetare gada yanzu yanzu, kafin azahar likita ya gan shi."

"Ba inda za a ƙetare da shi."

Baba Tagwai ne ya yi maganar. Ƙanen mahaifin Shekari ne, mai gadi a yadin jirgin ƙasa, shi ya kawo Shekari Kaduna, shi ya tsaya musu a aure. Ya ratso mutane da sandarsa ya tsaya a kan ɗansa.

"Asibiti na ciwon ciki ne da zazzaɓi. Ƙashi ba na Bature ba ne. Jethro mai haɗa taragu da ƙafa nawa ya shiga can? Biyu. Da nawa ya fito? Ke Juliana, ba kullum yake wuce ƙofarki da sanduna a hammata ba?"

"Baba," in ji Shekari, yana cije baki, "ni ba karyewa na yi ba. Gocewa ya yi a ƙugu. Na ji lokacin da ya fita."

"Zafi ne ke magana, ba kai ba. Yi shiru."

"Baba, da girmanka," in ji Ambrose, "wannan mutumin ya san abin da yake faɗa."

"Kai ka san ƙarfe da citta. Ni na san jinina."

Aka ce to a ɗaga shi tukuna daga rana. Suna taɓa ƙafar ya yi ƙara ɗaya, kansa ya langaɓe, ya suma. Sai kowa ya juyo yana kallon Juliana. Ambrose ya ce matarsa ce, ita za ta faɗa. Baba Tagwai ma ya ce ta faɗa, ya dogara da sandarsa yana jira.

Shekararta ashirin da huɗu a lokacin. Aji biyu ta yi a makarantar mishan. Ba ta taɓa shiga asibitin nan na ƙetaren kogi ba, Mary ma a ɗaki ta haife ta. Abin da ta sani shi ne wandon Jethro, wanda matarsa ta naɗe ƙafa ɗaya ta soke da fil. Ta dubi mijinta, ta ga ƙafar a karkace, amma tana nan a jikinsa.

Ta ce, "A kai shi gida, a kira mai ɗori."

Malam Sani mai ɗori daga Makera ya zo, bayan la'asar. Dattijo ne mai sanyin murya, ɗori gadonsu ne, kuma rabin leburorin jirgi da suka taɓa karyewa a hannunsa suka miƙe. Bai yi wata fariya ba. Ya shafa cinyar tun daga gwiwa har sama, ya daɗe yana lalube a wajen katara, ya ce ciwon ya yi zurfi, nama ya rufe shi, amma da yardar Allah. Ƙarti huɗu suka danne Shekari, Malam Sani ya kama ƙafar ya ja. Wani abu ya yi ƙas. Maƙwabta da suka cika tsakar gida suka ce, "Ya shiga!" Ya shafe wurin da baƙin magani da man shanu, ya jera tsagin gwangwala tun daga ƙugu har ƙauri, ya naɗe da tsumma.

Sannan ya ce a kawo masa budurwar kaza mai lafiya.

Juliana tana da guda uku. Ta kamo ja, wadda ta kusa fara ƙwai. Malam Sani ya riƙe ta a hammata, ya yi addu'a, ya kama ƙafarta ta hagu ya karya kamar mai karya tsinke. Ya shafa mata maganin nan dai, ya ɗaure da tsinken tsintsiya da zare, ya miƙa wa Juliana.

"Uwargida, riƙe ta da kyau. Ɗorinta da na mai gidanki ɗaya ne. Kada a kwance shi, kada a fitar da shi daga ɗakin nan. Ranar da kika ga ta taka ƙasa da ƙafar nan, ki aiko mini. Ranar shi ma zai taka."

Tun daga ranar Juliana ta zama mai jinyar biyu. Ta sa kazar cikin kwando a gindin gadon Shekari, ta shimfiɗa mata tsohon zani. Da sassafe takan bi bayan layin dogo ta faso gidan gara ta kawo mata. Dusa sai ta jiƙa da ruwan ɗumi. Kyanwar maƙwabta ta leƙo sau ɗaya, ta jefe ta da muciya. Matan layi in sun shigo gaisuwa sai su ce, "Yaya mai jiki?" sannan su leƙa kwando, "Yaya ƙaramar mai jiki?" A yi dariya.

Shekari ma yakan yi, in zafin ya ɗan lafa. "Juli, shekara biyar da aurenmu ba ki taɓa zuwa bayan layin dogo saboda ni ba."

"Kana cin gara ne?"

"Gwada ni. Wataƙila ita ce maganin."

Amma ba ya barci, ba ya iya juyawa, kuma yatsun ƙafar ba sa motsi. In ta tsikare su da tsinke sai ya ce, "Kin fara ne?" Kazar kuwa kullum ƙara kyan gani take yi.

A kwana na tara ya aika a ce wa Ambrose ya ciro masa wani ƙarfe daga gaban motar da ta faɗi. Ambrose ya kawo shi da rana, a naɗe cikin tsumma, lokacin da Baba Tagwai yake barcinsa na masu gadi. Guda biyu ne. Ɗaya ɗan sanda ne mai dunƙulallen kai kamar ƙwallon goruba. Ɗayan kamar ƙaramin kwano, bakinsa ya cinye. Guntun tib ɗin taya da waya suna reto a jikinsa.

"Zauna nan, Juli. Wannan shi muke kira bol-joyin. Shi ke haɗa sitiyari da tayar gaba. Kin ga kan nan? A cikin kwanon nan yake zama, yana juyawa ta ko'ina, da giris a tsakaninsu. In na murza sitiyari, shi ke gaya wa taya inda za ta bi. In mota ta faɗa rami, shi ke ba ta hanya ta lanƙwasa ba ta karye ba."

Ya sa kan a cikin kwanon, ya juya, ya girgiza. Ya yi ƙwas-ƙwas, ya faɗo kan bargo.

"Ya ci, tun watan jiya. Oga ya aika Ikko a kawo sabo, bai iso ba. Citta kuma ba ta jira. Sai na yanko tib na naɗe shi, na ɗaure da waya. Duk direban hanyar Kachia haka yake yi. Sau shida na je na dawo da shi a haka."

Ambrose ya sunkuyar da kai. "Da na ce ka ajiye motar."

"Da ka ce, da na ce maka ɗaurina ya fi na kamfani. Bar wannan." Ya juyo wajen matarsa. "Kin taɓa lura da ƙashin cinyar akuya in kin dafa? Kan nan fari mai santsi?"

"Wanda kake tsotsa."

"Shi. Allah ne ya fara yin abin nan, Turawa suka gani suka kwaikwaya. Akwai shi a kafaɗarki, akwai shi a ƙugunki. Kawo hannunki."

Ya kama hannunta ya tura ƙarƙashinsa, ta baya, sama da inda gwangwala ta tsaya. Ta ji wani abu mai tauri a dunƙule a cikin nama. Ya kai hannun ɗaya gefen, babu.

"Kan ƙashin ke nan, yana waje. Bai shiga ba, Juli. Malam Sani ya ɗaure cinya, cinya kuwa lafiyarta lau. Ita wannan," ya nuna kwando da haɓa, "a ƙauri aka karya ta. Ni nawa a sama yake. Kuma kwano in ya daɗe ba kai a cikinsa, datti yake tarawa. Na ƙarfe ke nan. Ban san na mutum ba."

"Madam," in ji Ambrose, yana magana ƙasa-ƙasa, "mota tana bakin hanya. Baba ba zai tashi ba sai la'asar. Mu ɗauke shi da katifarsa."

Juliana ta ce su ba ta zuwa gobe. Da yamma ta sami Baba Tagwai yana shirin tafiya aiki, ta durƙusa ta gaya masa abin da hannunta ya taɓa. Ya ce wanda ya kwance ɗori kafin ranarsa, abin da ya biyo baya a wuyansa yake, kuma in aka dawo masa da ɗa da ƙafa ɗaya, ita za ta je Zonkwa ta yi wa uwarsa bayani. Washegari ta goya Mary ta taka har Makera. Malam Sani ya saurare ta sosai, ya ce jini ne ya taru ya daskare, ya sha ganin haka, zai narke. Ya ba ta wani ƙullin magani. Ya tambayi lafiyar kaza.

Da ta dawo, Ambrose yana zaune a bakin gado yana jiranta. Ta tsaya a ƙofa tana kwance goyo. A daidai lokacin kazar ta miƙe a cikin kwando, ta sauke ƙafar da aka ɗaure, ta taɓa zanin da yatsa ɗaya, ta ɗauke. Su uku duka suka gani.

"Ka gani?" in ji Juliana. "Baban Mary, ka gani?"

"Na gani."

"Kai me ka ce? In ka ce a tafi, a tafi."

Ya dubi rufin kwano. "A Bama na ga yadda suke yi da zarto," ya ce. "Ni ma tsoro nake ji, kada ki ɗauka ba na ji. Kaina ya ce in je, cikina ya ce in zauna. Ke ce a tsaye, ke kike gani. Faɗa mini."

"Mu ƙara kwana uku."

Ya ce, "To."

Ambrose ya sa hularsa ya fita, bai yi sallama ba.

Kwana ukun suka cika, kazar tana ɗingishi a cikin kwando. Wa zai kwance ɗori ana ganin sauƙi da ido? Aka ƙara mako. Aka ƙara wani. Ruwan farko ya sauka, ɗakin ya yi ta warin man shanu da tsumma. Kullum da safe Juliana takan tura hannu ta taɓa dunƙulen nan ko ya narke. Wata rana sai ta ga kamar ya ragu. Shekari ya daina tambayarta.

A kwana na ashirin da uku, tana shara, kazar ta tsallake bakin kwando ta diro, ta ratsa ɗakin da ƙafa biyu, ta fita tsakar gida tana tono. Juliana ta yar da tsintsiya ta rangaɗa guɗa. Kafin Malam Sani ya iso gidan ya cika. Matan zumunta sun zo da waƙa, Ngozika ta kawo tulun kunu, Baba Tagwai ya sa rigarsa ta Kirsimeti, yana cewa, "Ina Ambrose? A kira shi ya zo ya ga aikin baƙin mutum."

Malam Sani ya warware tsumma, ya zare gwangwala. Cinyar ta rame, fatar ta yi fari-fari. Mutum biyu suka shiga hammatar Shekari suka ɗaga shi. Ya taka ta dama. Ta hagu tana reto, gwiwa a karkace, yatsu ba su kai ƙasa ba.

"Taka, ɗana," in ji Baba Tagwai. "Taka mana, kaza ta taka."

Shekari ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ƙafar ba ta san ana yi ba. Waƙar da ake yi a waje ta yi ta raguwa har ta mutu.

Malam Sani ya ce a kwantar da shi. Ya sa hannu ta baya, inda Juliana take taɓawa kullum, ya daɗe a wurin, idonsa a rufe. Da ya miƙe bai kalli kowa ba sai ita.

"Uwargida, wannan ya fi hannuna. Ku kai shi wurin Turawa." Ya tattara gwangwalarsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Ki yafe mini."

Ambrose ne dai ya kai su. Kogin Kaduna ya fara kawo ruwa, ja wur. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan, wani dogon Bature mai gilashi, ya ɗaga hoton a jikin taga. Wani ma'aikacin jinya mai suna Shehu yana yi musu tafinta. Juliana ba ta taɓa ganin cikin mutum ba, amma nan take ta gane. Ga kwano, ga dunƙulen kai can sama a bayansa, kamar yadda ta gani a kan bargo.

Shekari har da 'yar dariya. "Ga shi nan kuwa. Ban faɗa ba?"

Likita ya tambayi kwana nawa. Aka gaya masa. Ya cire gilashinsa ya faɗi wata gajeriyar magana. Shehu bai fassara ba.

"Malam, me ya ce?" in ji Juliana.

"Ya ce za a gwada."

"Kafin wannan. Ya faɗi wani abu kafin wannan."

Shehu ya dubi Shekari, wanda ya ji Turancin sarai ya kawar da kai. "Ya ce da a ranar aka kawo shi, da an sa shi barci an mayar, kafin shayi ya huce. Yanzu nama ya tsiro ya cika gurbin, jijiya kuma ta daɗe a danne."

"Da ba za a yanke ba?"

"Yanke me, 'yar'uwa? Ƙafa lafiyayya?"

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta gyara goyonta, ta tambayi inda ake ajiye kwanon abinci.

Mako shida aka rataya masa nauyi a ƙafa, da igiya ta bi ta kan ƙarfen gado, wai ko ƙashin zai sauko. Kullum Juliana takan ƙetare gada a ƙafa da tuwo a kai. Bai sauko ba. Aka tsaga wurin, aka yi abin da za a iya, ciwon ya yi ruwa, aka yi ta yi masa allura har aka rasa wurin sokawa. Bayansa ya yi gyambo saboda kwanciya. Cikin watan Agusta suka ce ya koma gida ya huta, in ya yi ƙarfi a sake dubawa. Ya dawo da ƙafafunsa biyu, kamar yadda ta so.

Ranar da suka dawo ta tarar da jar kazar a tsakar gida da 'yan tsaki bakwai a bayanta. Ta shiga madafa ta ɗauko wuƙa. Shekari ya hango ta daga kan katifar da ake shigar da shi.

"Juli, me ta yi miki? Ita ma kama ta aka yi aka karya."

Ta ba Ngozika ita da 'ya'yanta duka.

Baba Tagwai yakan zo kullum kafin ya tafi gadi, ya zauna a bakin ƙofa, ba ya shiga. Wata rana ya kawo lemo, wata rana rake. Sai ya ce, "Yaya jikin?" Shekari ya ce, "Da sauƙi, Baba." Shi ke nan hirar.

Ɗakinsu yana kallon hanyar da manyan motoci ke bi su tsaya shan ruwa a bakin kasuwar Kakuri. Shekari ya sa aka ja gadonsa gindin taga. Ba ya ganin hanyar daga kwance, amma yana ji. Akwai wani rami daidai gidan, kowace mota sai ta faɗa.

"Ta Ifeanyi ce wannan, ya canza salansa. Waccan ta Alhaji mai goro ce." Wata safiya sai ya ɗaga hannu. "Tsaya. Ji. Kin ji ƙwas ɗin nan da ta faɗa rami? Gaban hagu. Yi sauri ki same shi kafin ya tashi, ki ce in ji ni."

Ta tafi da goyo, ta sami direban yana zuba ruwa a lagireto. Ta faɗa masa. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Jama'a, ku zo ku ga sabon safeton duba mota, da jariri a baya! Madam, ina wandon kakinki?"

Aka yi mata dariya. Ta dawo ta ce ba za ta ƙara zuwa ba. Shekari ya ce, "Ba sa yarda da baki. Ki nuna musu. Ki kama tayar gaba da hannu biyu, nan da nan, ki girgiza kamar mai tankaɗe, ki kara kunne. In ya ci, za ki ji yana magana. Da jak ya kamata a ɗaga tukuna, amma in ya lalace sosai ko a ƙasa ma yakan faɗa."

Haka ta riƙa zuwa. Wasu su yi tsaki, wasu su ce sun ji, za su duba in sun dawo. Ɗaya ne kawai, wani Banufe, ya shiga ƙarƙashi ya fito da guntun tib a hannunsa, ya biyo ta har taga ya gai da Shekari. Ranar Shekari ya cinye tuwonsa tas.

Tari ya kama shi cikin watan Satumba. Ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar ana jan zarto, jikinsa zafi rau. Ambrose ya kawo mai allura har gida, bai hana ba. Wata rana da azahar tana goge masa baya, maganar da ta daɗe a maƙogwaronta ta fito.

"Baban Mary, da na ce a ƙetare gada..."

"Ni na ɗaure ƙarfe da tib," ya ce, yana numfashi da ƙyar. "Baba ya ce Jethro. Malam Sani ya ce jini. Ke kika ce kwana uku, ni na ce to. Wa za a fara duka? Ba ni ruwa."

Ta ba shi. Bayan kwana huɗu, da safe, jirgin Ikko yana busa a tasha, ta shigo da koko ta tarar ya tafi. Fuskarsa tana wajen taga.

Baba Tagwai ya ce ta koma Zonkwa, ta ƙi. Ta samo kasko da murhu, ta kafa a bakin hanyar nan tana suyar ƙosai. Da shi ta yi renon Mary har ta shiga masaƙa aiki. An zuba wa hanyar kwalta, ramin ya ɓace, motocin ma sun canza, direbobin da suka san Shekari sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Na yanzu Mama Safeto suke ce mata, yawancinsu ba su san dalili ba.

Kullum da safe, motar da ta fara tsayawa a gabanta, takan sauke matsami, ta goge hannu a zani, ta je wajen tayar gaba ta hagu. Ta kama da hannu biyu, ta girgiza, ta kara kunne. Mota da lodi ba ta motsawa a hannun tsohuwa, ta san haka.

"Mama, yaya? Mun ci jarrabawa?"

"Ban ji komai ba," takan ce. "Amma ka sa a ɗaga a duba."

Sai ta koma ta juya ƙosanta kafin ya ƙone.